Shekarar da Baba ya fanshi gonar Mabai

Ku da kuka taso kuka tarar ana kawo muku ɗanyar masara da dafaffiyar gyaɗa daga gonar Mabai, ba ku san akwai shekarun da ko kara ɗaya ba mu da ikon karyawa a cikinta ba. Kun dai ji guntun labarin a bakin dangi, wai kakanku ya taɓa cin bashi don ya biya bashi, ana faɗa ana dariya a gidan biki. Ina cikin gidan a lokacin, ina aji biyu na sakandare. Da yake ni ba mai magana ba ce, manya sukan manta ina zaune a gefe, su yi ta zancensu. Abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji shi zan rubuta muku.

Babana, Malam Idi, malamin firamare ne a Mabai, mu kuwa muna zaune a Ƙanƙara. Kullum da safe yakan hau kekensa ya tafi, ya dawo bayan azahar da farin alli a bakin hannun rigarsa. Gonar da ya gada wajen mahaifinsa tana can bayan ƙauyen. Rabinta tudu ne mai jar ƙasa, inda ake dawa da gero, rabin kuma ya gangara zuwa rafi, ƙasar ta yi baƙi, tana riƙe laima har bayan ɗaukewar ruwa. Shekarar da ciwo ya kwantar da Kaka, mahaifiyar Baba, aka ce sai an yi mata aiki a asibiti, babu abin da ke gidanmu da zai kai kuɗin. Sai Baba ya je wajen Alhaji Mamman mai hatsi, aminin mahaifinsa, ya jinginar masa da gonar. Jingina a wajenmu ba sayarwa ba ce. Ka karɓi kuɗi, ka bar wa mutum gona yana nomawa, ranar da ka cika masa kuɗinsa gonarka ta dawo. Amma muddin da saura, ko da kwabo ne, shi ke da noma. An yi maganar a kan damina huɗu, a gaban limamin Mabai da Baba Dogo mai unguwa. Ba a rubuta komai ba. Ka nemi takarda daga aminin ubanka, kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne.

Kaka ta warke, ta ƙara shekara biyu a duniya, ta ga auren yayata. Ban taɓa jin Baba ya yi da-na-sanin wannan jinginar ba. Yana biya a hankali. Ya yi kiwon bijimi ya sayar ya kai, ya yi adashi ya kai, har abin da ya rage bai kai kuɗin saniya ɗaya ba, ga kuma damina guda a gaba kafin wa'adi ya cika. Da abubuwa sun tafi yadda aka tsara, da babu labarin da zan ba ku. Sai liman ya rasu. Ba a jima ba kuma Alhaji Mamman ya faɗi a bakin rumfarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, harkokinsa duk suka koma hannun ɗansa Lawal.

Ɗiyar Lawal, Hinde, benci ɗaya muke zama a aji. Yarinya ce mai surutu da kyauta, ni kuwa mai saurare, shi ya sa muka dace. Wata rana lokacin tara muna cin awara a gindin dalbejiya, tana lasar yaji a yatsa, sai ta ce:

"Babanmu ya sawo dashen mangwaro daga Funtuwa, suna nan a bayan ɗaki ana ba su ruwa. Da ruwa ya sauka za a dasa a gonarmu ta Mabai. In sun yi 'ya'ya zan riƙa kawo maki."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, tana faɗa ta koma zancen kitson da za a yi mata. Ni kuwa na daina cin awarar. Ko yaro a ƙasarmu ya san mai aron gona ba ya dasa itace. Hatsi na shekara ne, itace kuwa na mai ƙasa ne. Na yi kwanaki ina juya maganar a raina, na kasa faɗa wa kowa, don ina tsoron a ce na kawo gulma daga makaranta. Sai ranar da Inna ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana yi mini kitso. Da yake ba na ganin fuskarta, sai bakina ya buɗe, na faɗa mata kamar yadda Hinde ta faɗa. Na ji hannunta ya tsaya cak a kaina, da tsinken tsaga a tsakiyar gashi.

"Gonarmu ta ce, ko gonar Mabai?"

"Gonarmu ta Mabai."

Ta ci gaba da kitson, amma ranar ta ja mini gashi har sai da hawaye suka zubo.

A makon nan Goggo Laure, yayar Baba, ta zo daga Daudawa ganin gida. Mace ce gajera mai ƙarar murya, ba ta iya gaisuwa ba tare da ta haɗa da faɗa ba, kuma duk gidan muna sonta. Bayan an ci tuwon magariba Baba ya shimfiɗa mata abin da ya yanke. Malaman makarantarsu suna da ƙungiyar taimakon juna, kowa yana zuba wani abu duk wata, wanda buƙata ta kama a ranta masa ba tare da kuɗin ruwa ba, a riƙa cirewa daga albashinsa. Zai karɓi abin da ya rage na Alhaji, ya kai gaba ɗaya, ya fanshi gonar tun kafin damina. Ƙungiya kuma za ta yi shekara biyu tana yankar albashinsa. Ina can gefe ina wanke kwanuka a hankali don kada ƙararsu ta hana ni ji.

"Idi, halan karatun ne ya taɓa maka kai?" in ji Goggo. "Ka tona rami don ka cike rami? Wa ya biyo ka? Alhaji ya aiko a kama ka?"

"Bai aiko ba, Yaya."

"To mi ke korar ka? Bashin Alhaji bashi ne mai barci. Na ofis kau ba ya barci, kowane ƙarshen wata yana bakin ƙofa da sandarshi. Albashin naka da ko yanzu ba ya kai ku ashirin ga wata, shi za a yanka?"

"Mai barcin nike tsoro," in ji Baba. "Ban san wa za shi tashe shi ba. Mu huɗu muka zauna aka yi maganar nan. Liman ya tafi. Alhaji in ya yi magana sai Hajiya ta fassara. Baba Dogo da sanda yake zuwa masallaci. In aka wayi gari babu su, da mi zan nuna gonar ubanmu ce?"

"Kowa a Mabai ya sani."

"Kowa ya san Lawal ke noma ta shekara ukku. Yaran da suka tashi yanzu gonar Alhaji suke ce mata."

Goggo ta gyara ɗaurin kallabinta, abin da takan yi ke nan idan magana ta shige ta amma ba ta son a gane.

"Kai ka sani. Amma ranar da kuka koma cin tuwo da ruwan gishiri, kada wanda ya hau mota ya zo mini Daudawa."

Inna ce ta kawo shawarar da ta fi kowace amfani a daren, kuma ita ce ba a bi ba. Ta ce Baba ya je gidan Alhaji tun yanzu, ya shaida musu yana nan tafe da kuɗi kafin damina, don su san da zancen. Baba ya girgiza kai. Ya ce ba a zuwa fansa da baki. In ya je ya yi alkawari kuɗin ba su fito ba, ya zama abin dariya, kuma zai zama kamar yana yi wa majinyaci gaggawa. Kunya ce irin ta mutanenmu, wadda takan hana mutum faɗar abin da zai sauƙaƙa wa kowa. Ƙungiyar kuma layi ake bi. Akwai mai aurar da ɗiya a gabansa, akwai wanda rufin ɗakinsa ya faɗi. Aka yi ta cewa wata mai zuwa, har zafin bazara ya kankama, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, sannan kuɗin suka fito.

Ranar da ya karɓo su, maimakon ya shigo da fara'a, sai na ga ya jingina keken a jikin rumbu, ba inda ya saba ajiyewa ba, ya zauna a kan turmi bai cire hula ba. A tayar keken akwai ɗanyen kashin shanu.

"Na biya ta gonar," ya ce wa Inna. "Lawal ya sa shanu. Sun fi mako suna kwana."

A wancan zamanin, kafin abubuwa su lalace a dajinmu, haka ake takin gona. Da rani mai gona yakan yi ciniki da makiyaya, ya ba su hatsi, su kafa turakunsu a gonarsa, shanu su yi ta kwana suna zuba taki. Al'ada kuwa a bayyane take, babu mai jayayya da ita. Wanda ya sa taki shi ke cin daminar. Ko ka zo da kuɗin fansa a hannu, in taki ya riga ka sauka, sai ka jira a girbe. Ga kuɗi a aljihun Baba, an riga an rubuta za a fara yankar albashinsa a ƙarshen watan, ga shi kuma gonar da ya yi lissafin za ta ciyar da mu a shekarar ta kuɓuce. Inna ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai ɗauko masa ruwa a moɗa, ta tsaya har ya sha.

"Ka mayar masu da kuɗinsu mana, Malam," ta ce. "Ka ce ka fasa. Baɗi a yi."

"Baɗi ta Allah ce," in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi gidan Alhaji Mamman. Inna ta dama kunun gyaɗa na dubiya, ni na ɗauko kwanon a kaina. Baba ya aika an ɗauko Baba Dogo daga Mabai a bayan babur. Da yake Alhaji ba ya iya fitowa zaure, a ɗakinsa aka zauna, ƙofar a buɗe saboda zafi, ni da Hinde muna bakin ƙofa muna tsince shinkafa a faifai. Ban taɓa ganin Alhaji ba rawani ba sai ranar. Ya rame, an tokare shi da matasai, hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Matarsa Hajiya tana zaune daf da kansa da mafici. Lawal ya zauna can kusa da bango. Mutum ne dogo marar yawan dariya, lokacin bai wuce shekara arba'in ba.

Bayan doguwar gaisuwa Baba ya fito da kuɗin a ƙunshe cikin hankici, ya ajiye a gaban Baba Dogo, ya ce cikon jingina ne. Lawal ya dubi ƙunshin bai taɓa ba.

"Malam, ai da ka yi magana. Ni na ɗauka wa'adi sai baɗi. Gaskiya ma na ɗauka ƙarshenta za ka ce a cika maka kuɗi a bar mana ita, kamar yadda mutane ke yi. Na ba Fulani hatsina, shanu sun kwana. Yanzu in ce mi?"

"Ba ka yi laifi ba," in ji Baba. "Ni na yi shiru."

Lawal ya juya wajen tsohon. "Baba Dogo, kai ne babba. Mi al'ada ta ce?"

Tsohon ya daɗe yana murza goro a ɗan abin gogarsa, don ba shi da haƙora.

"Al'ada ba ta da ɗan uwa," ya ce. "Mai taki shi ke da damina. Malam, in ka ga dama ka ɗauki kuɗinka, ka juya su, ka dawo bayan kaka."

Na daina tsintar shinkafar. Ina kallon bayan wuyan Baba, gumi yana gangarowa cikin rigarsa. Sai na ga ya sa yatsu biyu ya ƙara tura ƙunshin gaba.

"A'a. A ƙirga su yau, a gaban Alhaji, a gaban Baba Dogo. Lawal, kai za ka ƙirga da hannunka. Ka noma daminarka, Allah shi sa albarka, ko zangarniya ɗaya ba ni nema. Amma daga yau ba jingina tsakaninmu. Aro na ba ka na shekara guda."

"Ka biya kuɗi ka bar amfani?" in ji Lawal. "Malam, wannan wane irin lissafi ne?"

"Na malaman firamare," in ji Baba.

Baba Dogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Lawal ya kwance hankicin ya ƙirga, ya ce sun cika. Sai Alhaji ya motsa, ya yi wata magana da ban gane ko kalma ɗaya a ciki ba. Hajiya ta sunkuya ta kara kunnenta.

"Wai shanun ko'ina suka kwana?"

Lawal ya amsa yana kallon ƙasa.

"Tudu dai. Ba su kai ga sauka gangare ba."

Alhaji ya sake magana, wannan karon doguwa, yana ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ya ce to tudu naka ne bana. Inda saniya ba ta yi kashi ba, ba ka da magana. Gangare na Idi ne tun daga yau."

"Haba Baba, gangaren ne fa gonar!" in ji Lawal.

"Ya ce ya sani," in ji Hajiya, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi da gefen mayafi. "Ya ce ya riga ka sanin gonar nan, tare da uban Idi suka sare ta."

Baba ya durƙusa ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, yana ta cewa Allah shi saka. Lawal ya tashi ya fita. Da ya zo wucewa ta gabanmu gefen rigarsa ya taɓa faifan, shinkafa ta zube, bai waiwayo ba.

Shekarar ta yi mana tsawo. Ba zan ce mun kwana da yunwa ba, amma mun san ƙarshen kowane wata da jikinmu. Shayin safe ya koma koko ba sukari. Nama ya zama sai ranar da maƙwabta suka yi suna. Baba ya daina sayen batir, in lokacin labarai ya yi sai ya fita wai shan iska, ya tsaya kusa da mai shayi inda rediyo ke kunne. Da tayar kekensa ta fashe ya cusa mata tsumma, kana jin tafiyarsa tun daga kan kwana, ɗif, ɗif, ɗif. Da ƙaramar salla Inna ta fito da atamfarta ta aure daga ƙasan akwati, aka yanka mana ni da ƙanwata, ta ce wai dama launin ya yi mata yarinta. Takalmina na makaranta an ɗinke shi har mai gyaran ya ce ba sauran inda zai soka allura. Hinde ta yi makonni ba ta kira ni cin awara ba, ni ma ban iya tambayarta dalili ba, sai wata rana kawai ta turo mini ledar ta ƙarƙashin benci ba ta dube ni ba.

Babu kuɗin 'yan ƙwadago, saboda haka duk Asabar gidan gaba ɗaya muke tafiya Mabai. Baba yana sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa masara ina rufewa da diddige. Inna ta shuka kuɓewa da yakuwa a bakin rafin. Daga inda muke muna hango dawar Lawal a tudu, ta sha taki ta yi baƙi-ƙirin, ganyenta kamar an shafa mai. In ya zo dubawa sai ya ɗaga hannu daga nesa, Baba ma ya ɗaga, shi ke nan. Na taɓa ganin Baba ya tsaya ya jingina da fartanya yana kallon dawar nan, ya daɗe, sannan ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da noma.

Goggo Laure, wadda ta ce kada a zo mata Daudawa, ita ta zo da kanta. Ana tsakiyar marka, lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa, sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke buhun masara da tulun man gyaɗa, ita kuma ta diro daga gaba tana faɗa da direba a kan canji.

"Ba don kai na kawo ba," ta ce wa Baba tun kafin ya gaishe ta. "Don yaran nan ne da ba su ci bashin kowa ba. Dube su, wuya kamar na zabi."

Tana nan gidanmu, Allah ya yi wa Alhaji Mamman rasuwa. Ta ce ba za ta koma ba sai an share makoki, daga nan kuma ta ce sai ta ga yadda rabon gado zai kaya. 'Ya'yan Alhaji suka taru, har da babban yayansu da ke kasuwanci a Sabuwa, wanda rabonsa da Mabai an daɗe. Kafin ranar rabon labari ya iso mana cewa an sa gonar Mabai cikin dukiyar mamaci. Baba ya hau keke ya tafi neman Baba Dogo, ya tarar ciwo ya kayar da shi, ɗiyarsa ta ɗauke shi zuwa Faskari, an ce ko mutane ba ya ganewa. Hajiya tana cikin takaba, ba ta fita, kuma an ce 'ya'yan sun ce kada a dame ta. Cikin waɗanda suka ga an ƙirga kuɗin nan, namiji ɗaya ya rage da ƙafarsa da hankalinsa, shi ne kuma wanda zai fi kowa samu in gonar ta zauna a gidansu.

Ranar rabon Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya fita bayan hantsi. Inna ta ɗora tukunya ta manta ba ta sa gishiri ba. Goggo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da carbi, tana ja tana tsaki. Sai bayan la'asar muka ji sallamarsa. Ya shigo ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ka yi magana mana!" in ji Goggo. "Ka shigo kamar an aiko ka da gawa."

"Bari in huta, Yaya."

"Ka huta a kabari. Mi aka yi?"

Sai ya ba mu labari. Ya ce malamin da ke rabon yana bin dukiya ɗaya bayan ɗaya, gidaje, rumfuna, shanu, har aka zo kan gonaki. Babban yayan ya ce sai gonar Mabai, ga dawarsu nan tsaye a ciki kowa yana gani. Malamin ya tambaya ko akwai mai magana. Baba ya ce ya miƙe ya faɗi yadda aka yi, tun daga ciwon Kaka har ranar fansa. Yayan ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, Malam, ba mu ƙaryata ka ba, amma dukiyar marayu ce a ciki, ina takarda, ina shaida?

"Na buɗe baki," in ji Baba, "na tarar ba ni da ko ɗaya."

"Lawal fa? Yana ina, baƙin mugu?" in ji Goggo.

"Yana zaune, kanshi a ƙasa, yana karya tsinke. Ni ban dube shi ba, don kada a ce na roƙe shi. Malamin rabon har ya ɗaga alƙalami. Sai na ji Lawal ya ce, a dakata. Ya ce, dawar tawa ce, ƙasar ta Malam Idi ce. Ni na ƙirga cikon kuɗin da hannuna a gaban mahaifinmu, ko kwabo ba mu bin shi. Aro ya ba ni na bana."

Goggo ta saki carbin a cinyarta.

"Lawal ɗin?"

"Shi. Yayan ya ce mashi, kai ka san abin da kake faɗi kuwa? Kai ke noma ta, kai za a bar mawa, kai ka fi kowa asara. Lawal ya ce, shi ya sa ya kamata ku yarda."

Inna ta juya ta shige madafa, na ji tana jan hanci. Goggo ta dube ni.

"Ke, ɗiyar nan, kin tsaya kina kallon mutane da ido kamar na mujiya. Kawo ma ubanki ruwa." Ta juya wajen Baba. "To, Allah ya rufa asiri. Amma kada ka ɗauka na ce kana da wayo."

"Ban ɗauka ba, Yaya."

Da kaka Lawal ya girbe dawarsa, ya bar mana karan a tsaye, ya aiko yaro ya ce a faɗa wa Malam ya bar masa gonarsa. Mangwaron nan a bayan gidansa ya dasa su. Ƙungiya ta ci gaba da yankar albashin Baba har shekara ta zagayo ta sake zagayowa, amma daminar da ta biyo mun noma tudu da gangare, ragowar ƙarfin takin Lawal ma mu muka ci shi. Baba ya kai masa dami biyu a kan haka, Lawal ya mayar da su, ya ce al'ada damina ɗaya ta ce.

Shi da Baba ba su taɓa zama abokai ba. Gaisuwa ce kawai, sai zuwa jana'iza da ɗaurin aure. Amma ranar da aka ɗauki Baba zuwa makwancinsa, an ce mini Lawal ya kama makarar tun daga ƙofar gida bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.

Lawal yana nan da ransa. Shi ne tsohon nan da ke zama a kan buhu a bakin rumfar hatsi, in kun shiga kasuwa ta ƙofar yamma, wanda kuke wucewa a guje. Daga yau in kun zo wurin ku sauka daga kan babur, ku durƙusa ku gaishe shi. Idonsa ya yi rauni, ba zai gane ku ba, zai tambaya 'ya'yan wane ne. Ku ce masa jikokin Malam Idi ne, na gonar Mabai. Ba sai kun ƙara komai ba.